Abinci da wadatarsa a Gwiwa

Gwiwa ƙaramar hukuma ce a masarautar Kazaure, a arewa maso yammacin jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira daga jihar Kano a shekarar 1991. Mazaunanta galibi Hausawa ne manoma da Fulani makiyaya.

Cimar yankin ta dogara ne kan gero da dawa, sai wake da gyaɗa. Da dare akan ci tuwo da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, da safe a yi ɗumame ko a sha koko, da rana kuma fura. Matan Fulani ke kawo nono da man shanu, su sayi hatsi da kuɗin. Nama sai ranar kasuwa ko biki ko salla.

Ana noma sau ɗaya ne a shekara, da damina. Daga Yuni zuwa Agusta rumbuna sukan yi ƙasa, farashin tiya ya tashi, alhali lokacin ne aikin gona ya fi tsanani. Gidajen da suka sayar da hatsi da arha da kaka sukan saye shi da tsada a wannan lokaci. Kwaɗon tafasa da rama da zogale ke cike giɓin, har gero ya nuna a fara cin tumu.