Yadda Muka Riƙa Matse Fim Ya Shiga Faifai

Duk wanda ya taɓa sayen fim ɗin Hausa a faifai, ya kai gida ya sa a na'ura hoto ya fito, aikin irinmu ya kalla ko da bai san da zamanmu ba. Sunan jarumi yana kan kwali, na darakta da furodusa ma haka. Mu kuwa muna can ƙuryar shago, mu ne hannu na ƙarshe da fim ke bi kafin ya shiga kasuwa. Juyawa ce sana'armu: mu karɓi fim yadda mai tacewa ya gama shi, mu mayar da shi abin da na'urar gida za ta iya karantawa.

Na shigo harkar ne kaset yana ban kwana. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 kaset ɗin VHS ne ke ɗauke da fim ɗin Hausa, tsarin kasuwar Ƙofar Wambai kuma sananne ne: furodusa ya buga kwali ya sayar wa 'yan kasuwa, ya ba su masta, wato kwafin farko na fim ɗin, su jera bidiyoyi su yi ta kwafa. A lokacin babu wata juyawa, kaset ne ke zuba wa kaset.

Sai ga VCD. Kamfanonin Philips da Sony da JVC da Matsushita ne suka tsara shi a 1993. Bai yi kasuwa a Turai da Amurka ba, amma Asiya ta rungume shi, na'urorin Sin masu araha kuma suka kawo mana shi har gida. Hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, faifai ɗaya kuma ba ya cin fiye da minti 74 zuwa 80. Shi ya sa inda za a yanke fim ya zama shawara babba. Nakan zauna da darakta mu lalubi wurin da hankalin mai kallo ya tashi, nan za mu datse, don ya miƙe da sauri ya sa faifai na biyu.

Zuwan DVD ya ba mu hutu na ɗan lokaci. Yana ɗaukar gigabayit 4.7, hotonsa ɗigo 720 da 576, kuma daidai girman da kyamarorin MiniDV irin su Sony PD170 ke ɗauka ke nan. Ƙwarya ta bi ƙwarya. Awa ɗaya ta kaset ɗin kan ci wajen gigabayit 13 a kwamfuta, ka matse ta kawai, hoto ya fito kusan yadda aka ɗauke shi.

Wahalar gaske ta faro ne da kyamarorin HD. Canon ta fitar da 5D Mark II a 2008, ba a jima ba ita da ƙannenta suka cika wuraren ɗaukar fim. Hotonsu ɗigo 1920 ne da 1080, sama da miliyan biyu ke nan. DVD kuwa 414,720 yake iya riƙewa, kashi ɗaya cikin biyar cif. Wato a duk ɗigo biyar da mai kyamara ya sha rana ya ɗauko, huɗu zan zubar. In VCD ake so, ɗaya cikin ashirin ne zai tsira. Akwai faifan da aka yi domin irin wannan hoto, Blu-ray, wanda ya fito a 2006 ya kuma cinye fagen bayan Toshiba ta janye nata HD DVD a 2008. Amma bai shiga gidajenmu ba. Na'urarsa da tsada, faifansa da tsada, talabijin ɗin da ke falon yawancin mutane kuma mai doro ce. Kyamara ta yi gaba, gida yana nan inda yake, mu aka bari a tsakani.

Abu na farko da ya fara ba mu ciwon kai shi ne gudun hoto. Najeriya tana kan tsarin PAL, hoto 25 a daƙiƙa. Ita 5D da farko 30 kaɗai take ɗauka, sai a 2010 aka sabunta mata manhaja ta iya 25. Ko bayan haka, wani zai sayo kyamara a saite kan tsarin Amurka bai lura ba. In ka juya 30 zuwa 25 da garaje, manhaja za ta riƙa jefar da hoto biyar kowace daƙiƙa. A wurin hira ba a ganewa sosai, amma bari a zo waƙa: jaruma na juyi, sai ka ga mayafinta yana fizga kamar ana jan sa da zare.

Na biyu shi ne faɗi, kuma a kansa na fi shan musu. Hoton HD shimfiɗaɗɗe ne, 16 da 9, talabijin mai doro kuwa 4 da 3 ce. Hanya uku ce gabanka: ka yanke gefe da gefe, ko ka sa baƙin layi sama da ƙasa, ko ka cusa hoton haka nan fuskoki su yi tsawo. Ba na manta wani furodusa da ya tsaya a kaina yana duban allon gwaji.

"Malam, wannan baƙin na mene ne? Cika min allo. Mutane za su ce fim ɗin bai cika ba, su dawo min da kaya."

Na ce, "Alhaji, bari ka gani da idonka." Na yanke gefen na sa masa wurin da miji da mata ke sa-in-sa, kowa a ƙarshen allo. Abin da ya rage a talabijin sai labule da rabin fuskar kowannensu. Ya yi shiru, can ya ce a bar baƙin. Ba kowa ke saurara haka ba, kuma finafinai da yawa sun fita kasuwa da fuskoki zalau-zalau. Har gobe ina kan ra'ayina: baƙin layi ne kaɗai bai ci amanar mai kyamara ba.

Sauran aikin haƙuri ne. Waƙa da rawa sun fi hira cin wuri, don haka mai juyawa na ƙwarai yakan sa manhaja, TMPGEnc ko makamanciyarta, ta bi fim sau biyu: ta fara dubawa, sannan ta raba wuri gwargwadon motsi. Wannan kan kwana yana tafiya, in aka ɗauke wuta da asuba janareto bai kama da wuri ba, sai a sake daga farko. Rubutun fassara kuma dole ka ja shi ciki, domin talabijin mai doro tana cinye bakin hoto. Yara masu koyo sukan kwafi fayil ɗin kyamara kai tsaye a kan faifai, na'ura ta ce babu komai. Sai ka nuna musu cewa DVD gini ne mai tsari, da jakarsa ta VIDEO_TS da fayilolin VOB da IFO a ciki, kuma a hankali ake buga masta, ba da cikakken gudu ba. A teburina na'ura uku nake ajiyewa. Mai yanke hukunci ita ce mafi araha, wadda murfinta ya karye nake danne shi da littafi, domin irinta ce a ɗakunan masu saye. In ta karanta, fim ya fita.

Ƙarshen kasuwar ya zo da sauri. Aka fara cusa fim ashirin a faifai ɗaya har fuska ta koma dishi-dishi, na'urori suka zo da ramin filashi, masu tura fim a waya suka buɗe shaguna kowane lungu. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, YouTube ya biyo da finafinai masu dogon zango. Yanzu hoton HD ɗin nan da muka riƙa zubarwa shi ake nema.

Nan ne abin ke sosa min rai. Furodusoshi suna dawowa neman asalin fim ɗinsu, a duba a tarar babu. Rumbun ajiya na kwamfuta yana da tsada a lokacin, da zarar masta ta fita sai a goge a zuba sabon aiki. Da hannuna na goge wasu, bisa umarnin masu su, ban kuma ja da su ba. Abin da ya saura shi ne faifan kasuwa, kashi ɗaya cikin biyar na hoton. Ana iya kumbura shi ya cika babban allo, amma ɗigon da aka zubar ba ya dawowa.

Don haka 'yan'uwana masu tacewa da masu juyawa, duk wanda ke da tsohon rumbu ko kaset ɗin MiniDV a kwali ko ƙarƙashin gado, don Allah kada ya goge, kada ya sayar wa 'yan gwangwan. A kunna shi tun yana tashi, a kwafe abin da ke ciki wuri biyu, a rubuta sunan fim da shekararsa, a nemi mai shi a sanar da shi.