Daura bayan Buhari: Abin da mai ziyara zai tarar a birnin rijiyar Kusugu

A ranar 15 ga Yuli, 2025, garin Daura ya cika ya batse. Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni da sarakuna da baƙi daga ƙasashe maƙwabta sun hallara domin jana'izar tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, wanda ya rasu a Landan kwana biyu kafin nan, aka kuma binne shi a gidansa. Shekara goma ke nan, tun daga 2015, da Daura ta saba da jerin gwanon motocin manya, musamman a lokacin Sallah. Akasarin waɗannan baƙi gaisuwar siyasa ce ke kawo su, kuma da wuya su bi ta tsohon gari kafin su juya.

Da wannan zirga-zirga ta lafa, abin da zai ci gaba da jawo baƙo zuwa Daura shi ne tarihinta, wanda ya girmi kowace jam'iyya da kowace gwamnati. Ga mazauna Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, birnin da Hausawa ke ɗauka a matsayin tushen sarautunsu tafiyar safe ce a dawo da yamma.

Inda take da yadda ake zuwa

Daura na arewa maso gabashin Jihar Katsina, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar. Masarautarta ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua. Sarkin Daura Alhaji Faruk Umar Faruk ya hau gadon sarauta a 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar wanda ya yi mulki tun 1966.

Daga Kazaure, babbar hanyar da ta taso daga Kano ta biyo ta Ɗambatta ita ce ke zarcewa Daura, tazarar kimanin kilomita 50. Mutanen Roni da Gwiwa sukan faɗo wannan hanya. Daga Babura kuwa, matafiyi na iya bi ta Babban Mutum, ya ratsa Baure da Zango. Wannan hanya ta biyu ta fi ta farko amfani ga mai son tarihi, domin garuruwan biyu da take ratsawa sun taɓa zama mazaunin sarakunan Daura da suka yi gudun hijira.

Lokacin da ya fi daɗin ziyara shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara kan hana yawon rana, don haka mai ziyara kan yi sammako ko ya jira la'asar.

Rijiyar Kusugu da labarinta

Wurin da kowane baƙo ke fara nema shi ne rijiyar Kusugu, a cikin tsohon gari. An kewaye ta da gini, kuma har yau ana jan ruwanta da guga. Masu ziyara sukan sha, wasu su ɗura a gora su tafi da shi gida. Mutanen gari na cewa ba ta taɓa ƙafewa ba.

Darajar rijiyar daga labarin Bayajidda ta samo asali. Kamar yadda ake bayar da shi, wani ɗan sarki ne ya baro Bagadaza ya sauka Borno, inda ya auri 'yar sarki. Da zama ya ƙi daɗi, ya yi yamma, ya bar matarsa a Garun Gabas, kusa da Haɗeja, inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa makami. Ya iso Daura cikin dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Tsohuwar ta shaida masa cewa wani maciji da ake kira Sarki ya tare rijiyar, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda ya je ya sare kan macijin. Sarauniya Daurama ta aure shi, ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka yi sarautar Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Da aka haɗa da Biram sai aka sami Hausa Bakwai.

Labarin yana da wani reshe da ya shafi siyasa kai tsaye. Kuyangar da Daurama ta bai wa Bayajidda ta haifi Karɓagari, wanda aka danganta masa ƙasashen da aka laƙaba wa suna Banza Bakwai: Zamfara, Kabi, Yawuri, Nufe, Gwari, Kwararrafa da ƙasar Yarbawa. Wannan rabe-rabe ya nuna cewa labarin yana tsara wa ke ciki, wa ke waje, da kuma wa ya cancanci gadon sarauta.

Abin da masana ke cewa

Ya dace mai ziyara ya san cewa masana tarihi ba su ɗauki labarin Bayajidda a matsayin rahoton abin da ya faru dalla-dalla ba. Farfesa Abdullahi Smith, a wata maƙala da ya wallafa a 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, ya yi jayayya da ra'ayin cewa wani baƙo guda ne ya zo daga gabas ya kafa mulki. A ganinsa, birane sun tsiro ne a hankali daga ƙauyuka da garuruwa, a wuraren da ke da ruwa da ƙasar noma da tama da duwatsun da ake girmamawa.

Labarin da kansa ma ya yarda cewa Bayajidda ya tarar da gari da sarauniya da maƙera da mutane masu harshensu. Girgam, kundin sarakunan Daura, ya jero sarauniyoyi mata masu laƙabin Magajiya da suka yi mulki kafin zuwansa, daga Kufuru har zuwa Daurama. Ita Daurama ce aka ce ta tayar da mazauni daga Tsohon Birni, wanda kufansa ba ya da nisa da garin, zuwa inda Daura take a yanzu. Wasu masana na karanta kisan macijin da auren sarauniya a matsayin tunawa da lokacin da sarauta ta koma hannun maza daga hannun mata. Sarautar Magajiya ba ta ɓace ba. Har yau tana cikin manyan sarautun fadar.

Fada, jihadi da dawowar Haɓe

Daga rijiya sai fadar sarki, wadda zaurukanta ke nuna gwanintar maginan Hausa wajen ɗaurin guga da zanen bango. A fadar ake ajiye da kayan sarauta, ciki har da takobin da ake dangantawa da Bayajidda. Ba wurin shiga kai tsaye ba ne. Baƙo kan nemi iso ta hannun dogarai ko wani daga cikin fadawa, ya cire takalmi inda aka saba, ya yi gaisuwa, ya kuma tambaya kafin ya ɗaga waya domin ɗaukar hoto.

Tarihin wannan fada ya sha bamban da na Kano ko Katsina ko Zazzau. A wajajen 1805 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙarƙashin Malam Isiyaku, sun ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fice da jama'arsa. Zuriyarsa ba ta watse ba. Ta kafa mazauni a Zango, wani reshe kuma a Baure, ta ci gaba da ɗaukar kanta a matsayin mai haƙƙin sarautar Daura har kusan shekara ɗari. Bayan Turawan Ingila sun mamaye Arewa a farkon ƙarni na 20, sai suka maido da Malam Musa na gidan Zango kan gadon Daura. A Katsina da Zazzau sarakunan Haɓe sun ƙare ne a Maraɗi da Abuja ta dā, wato Suleja. A Daura kaɗai suka koma gidan kakanninsu. Masanin nan M. G. Smith ya rubuta littafi guda kan wannan al'amari, The Affairs of Daura, wanda ya fito a 1978.

Wannan zamani ne ya haifar da Kazaure. Ɗantunku, wanda ya taimaka wa jihadi a wannan yanki, ya ɓalle daga ikon Kano a wajajen 1819, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya kafa masarauta a ƙasar da aka yanko daga Kano da Katsina da Daura. Saboda haka ɗan Kazaure ko Roni ko Gwiwa da ya je Daura, wani ɓangare na tarihin gidansu ya je dubawa, duk da cewa ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 da Jigawa a 1991 ya sa iyaka a tsakani.

Bukukuwa da kewayen gari

Wanda ke son ganin Daura cikin adonta sai ya daidaita tafiyarsa da lokacin hawa. A Ƙaramar Sallah da Babba ana yin Hawan Sallah, sannan Hawan Magajiya. Bikin da garin ya fi shahara da shi kuwa shi ne Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal, lokacin Maulidi, inda hakimai ke shigowa da dawakansu da makaɗansu su yi gaisuwa.

A arewacin garin akwai kasuwar Mai'adua, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na kan iyaka, mai ci mako-mako. Gaba kaɗan sai Kwangwalam, mashigar da ke kai matafiyi Matamaye da Damagaram. Wanda ya nufi Katsina kuma na iya tsayawa a Durɓi ta Kusheyi, a Ƙaramar Hukumar Mani, inda manyan kaburburan tsofaffin sarakuna suke, kafin ya ƙarasa ga hasumiyar Gobarau.

Batun tsaro na cikin lissafi. Yankin Daura bai fuskanci hare-haren 'yan bindiga irin na kudanci da yammacin Jihar Katsina ba, amma a watan Mayun 2019 an sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Matafiya sukan bi shawarar direbobin tasha, su guji tafiyar dare. Iyakar ma ba kullum take buɗe ba: Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Darasi daga ƙananan biranen Turai

A Turai akwai ƙananan garuruwa da ke rayuwa kan tarihinsu. Carcassonne, a kudancin Faransa, misali ne da ya dace da ƙasar da ta san ganuwa. A tsakiyar ƙarni na 19 gwamnati ta yanke shawarar rushe katangar garin saboda ta lalace. Wasu 'yan gari da masana suka tashi tsaye, aka janye shawarar, aka ɗora wa magini Viollet-le-Duc aikin gyara. A 1997 UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma a yau masaukai da gidajen abinci da masu yi wa baƙi jagora duk a kan wannan katanga suke cin abinci.

Ginin ƙasa ma na iya samun wannan matsayi. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin a 2013. Najeriya wurare biyu kacal take da su a ciki: Sukur a Adamawa, tun 1999, da kurmin Osun-Osogbo, tun 2005. Ganuwar Kano na jerin jira tun 2007, yayin da ruwan sama da masu yanka filaye ke ci gaba da cinye ta. A Disambar 2024 UNESCO ta amince da hawan Sallah na Kano a matsayin al'adar da duniya ta gada, abin da ke nuna cewa irin hawan da ake yi a Daura yana da kima a idon duniya.

Yawan baƙi ma yana da nasa ciwon kai. A 2024 birnin Venis na Italiya ya fara karɓar Yuro 5 daga masu ziyarar yini guda a wasu ranaku saboda cunkoso. Daura ba ta kai nan ba. Nata ƙalubalen shi ne ta riƙe abin da ta gada kafin ya zube.

Wa ke da alhaki

A zamanin Buhari garin ya sami Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da asibitin Rundunar Sojin Sama. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, an tsara shi ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Idan ya kammala, ɗalibi daga Kano ko ɗan kasuwa daga Maraɗi zai iya sauka Daura da hantsi ya koma da dare. Ko zai sami dalilin sauka, wannan ya danganta da abin da aka tanadar masa.

Nauyin ya rabu gida huɗu. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da hurumin wuraren da aka ayyana a matsayin na ƙasa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2013, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, ya tabbatar wa jihohi ikon tsara harkar otal-otal da masaukan baƙi. Hukuncinta na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya rage musu uzurin kasa gyara magudanar ruwa da kwashe shara da haskaka lungunan tsohon gari. Fada kuwa ita ke riƙe da kayan sarauta da Girgam da mutanen da suka haddace labarin.

Abubuwan da ake buƙata ba su kai tsadar jami'a ko layin dogo ba: allunan bayani da Hausa da Ajami da Turanci da Faransanci, matasan gari da aka horar su yi jagora su bambanta wa baƙo almara da tarihi, naɗar muryoyin dattawan fada, da tsayayyen kasafi na yaɓen gine-ginen ƙasa kafin kowace damina. Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya nema a cikin kasafin kuɗin jiha da na ƙaramar hukuma, a ga ko an ware musu wani abu, a kuma tambayi inda kuɗin ya shiga. Makarantun Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa ma ba sai sun jira kowa ba. Motar haya guda ta isa ta kai aji ɗaya bakin rijiyar Kusugu ta dawo da su kafin magariba.