Soyayyar da Tolkien Ya Tura Ƙarshen Littafi

Da J.R.R. Tolkien ya fitar da The Lord of the Rings a 1954 da 1955, yaƙi da doguwar tafiya ne suka cika labarin. Cikakken tarihin soyayyar Aragorn da Arwen kuwa, sai a ratayen ƙarshe ya ajiye shi. Marubutan baya ne suka mayar da soyayya tsakiyar labaran sarakuna da tsafi. A 1973 William Goldman ya fitar da The Princess Bride, inda Westley, yaron gona, yake fafutukar ƙwato Buttercup daga hannun mugun yarima, cikin raha da zolaya. A 1978 Robin McKinley ta sake saƙa tatsuniyar budurwa da dodo a Beauty. Wanda juzu'i ukun Tolkien suka tsorata, da Goldman ya kamata ya fara.