École des Sables: Wa Ke Riƙe da Rawar Zamani a Senegal?

A 1977 Shugaba Léopold Sédar Senghor da gwanin tsara rawa Maurice Béjart suka kafa makarantar Mudra Afrique a Dakar, suka damƙa ta a hannun gwanar rawa Germaine Acogny. Senghor ya sauka daga mulki a ƙarshen 1980, a 1982 kuma makarantar ta rufe. Makarantar da ke rayuwa da albarkacin shugaba ɗaya, ranar da ya tafi ita ma ta kama hanya.

Acogny ta ɗauki darasi. Da ta dawo daga Turai, ita da mijinta Helmut Vogt suka kafa tasu cibiyar, École des Sables, a Toubab Dialaw, ƙauyen masunta da ke kudu da Dakar. An fara horaswa a 1998, aka yi bikin buɗewa a 2004.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne filin rawar kansa. Ɗaya daga cikin ɗakunan atisayen, wanda aka sa wa sunan kakarta Aloopho, daɓensa rairayi ne, gefensa a buɗe, iskar teku na shiga. Wanda ya saba da katako ko siminti, da ya taka sai ƙafa ta nutse, tsalle ya yi nauyi, dole ya saukar da ƙugu ya nemi ƙarfi daga gadon baya. Nan kuwa fasahar Acogny ta ginu: kashin baya shi ne tushe, yana lanƙwasa, yana karkarwa, yana kaɗawa. Sunayen motsin ma daga muhalli aka ɗauko su, irin su rimi da bado. Wato ƙasar da ake takawa tana cikin malaman. A ganina wannan ne ya raba cibiyar da ƙungiyoyin rawa na gwamnati, waɗanda aikinsu nuna al'ada ga baƙi. A nan ana ɗaukar rawar gargajiya a matsayin ilimin da ɗan rawa zai gina nasa aikin a kai, har ya taɓo batu mai zafi. Fagaala, wasan da Jant-Bi, ƙungiyar rawar Acogny, ta fitar a 2004, kan kisan ƙare dangi na Ruwanda ne.

Sai dai 'yancin nan da sauran rina a kaba. Kuɗin da ke tafiyar da irin wannan cibiya galibi daga gidauniyoyi da gidajen wasan Turai yake fitowa, kuma can ne 'yan kallon da ke sayen tikiti. Dubi wasan rawa na The Rite of Spring na Pina Bausch, wanda 'yan rawa fiye da 30 daga ƙasashen Afirka daban-daban suka koya a cibiyar. Annobar korona ta hana nuna shi a Dakar a 2020, sai aka ɗauki bidiyonsa a bakin teku. Da aka samu sarari a 2021, a Madrid aka fara nuna shi, a shekarar da Venice ta ba Acogny kambun Zakin Zinariya. Karramawar ta cancanta, amma abin yana damuna: jikin da aka horar a rairayin Senegal, a dandamalin Turai yake samun abinci, kuma mai biyan kuɗi ba ya rasa ta cewa a kan irin wasan da za a shirya.

Ga kuma barazana ta kusa. Tashar jiragen ruwa ta Ndayane, wadda kamfanin DP World ke ginawa, tana dab da Toubab Dialaw, kuma mazauna yankin, har da mutanen makarantar, sun daɗe suna kokawa kan abin da za ta yi wa gaɓar da masunta da 'yan rawa ke aiki a kai.