Asalin Majami'ar Wusasa

In mutumin Kankiya ko Kusada ya fara zuwa Wusasa, a bayan ganuwar birnin Zariya, ya shiga tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, sai ya zaci soron wani hakimi ya shiga. Ginin ƙasa ne, tubali da azara, ga bakan gizo ya ɗauke rufi. To, ga yadda aka yi ta samu.

A 1905 wani likita Bature, Walter Miller, na ƙungiyar mishan ta CMS, ya zauna cikin birni, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. Yana ba da magani, yana koya wa yara boko, yana fassara. Ya ji Hausa ƙwarai.

Ana nan, a 1913, sai ga waɗansu mutane da ake kira Isawa sun zo wurinsa. Su almajiran Malam Ibrahim ne, wani malami da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi saboda wa'azinsa a kan Annabi Isa. Mabiyansa suka watsu, suka riƙe maganarsa shekara da shekaru. Bayan zuwansu wurin Miller, aka kafa musu gari a Gimi, suka yi gonaki, suka buɗe makaranta. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da yawa. Yaran da suka tsira aka kwaso su zuwa Zariya.

Zaman mishan cikin birni bai kwanta wa sarauta da gwamnatin Turawa a rai ba, har aka ba su fili gindin dutsen Wusasa. Suka tashi a 1929, da makaranta da asibiti, aka kira magina Hausawa suka ɗora majami'a da irin hannun da suke gina fada. Miller bai so tashin ba, ya koma Kano. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da ya daɗe a kansa.

Daga wannan ɗan gari aka sami Dokta Barau Dikko, likitan farko na Arewa, da Farfesa Ishaya Audu. Nan kuma Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa na aikin bishara.