Makomar masu cutar sarkoyidosis

Sarkoyidosis cuta ce da garkuwar jiki ke haifar da ƙananan ƙulle-ƙulle na kumburi a gaɓoɓi daban-daban. A kusan kashi 90 cikin 100 na masu ita, huhu da kaluluwar cikin ƙirji take kamawa, amma tana taɓa fata, ido, zuciya, hanta, ƙoda da jijiyoyi. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Likitan Ingila Jonathan Hutchinson ne ya fara bayyana ta a 1877, sannan likitan fata ɗan ƙasar Nowe, Caesar Boeck, ya ba ta sunan da ya zama tushen na yanzu a 1899. Makomar mai cutar ta dogara ne a kan gaɓar da ta kama, da kuma lokacin da aka gane ta.

Yadda cutar ke tafiya

Kimanin biyu cikin uku na masu cutar suna samun sauƙi, da yawa ma ba tare da magani ba, galibi cikin shekaru 2 zuwa 3 na farko. A kashi 10 zuwa 30 cikin 100 kuwa cutar tana daɗewa ko ta ci gaba da tsananta. Waɗanda take zama sanadin mutuwarsu ana ƙiyasta su a kashi 1 zuwa 5 cikin 100.

Likitoci na amfani da matakan hoton ƙirji da John Scadding ya tsara a Landan a 1961. A mataki na 1, inda kaluluwa kaɗai ta kumbura, kashi 55 zuwa 90 cikin 100 suna warkewa da kansu. A mataki na 2, inda huhu ya shiga ciki, adadin ya sauka zuwa 40 zuwa 70. A mataki na 3 kashi 10 zuwa 20 ne kawai. Mataki na 4 shi ne inda huhu ya yi tabo, kuma tabon ba ya gogewa. Abin da magani ke yi a nan shi ne hana ƙarin ɓarna.

Wani abin lura shi ne cutar da ta zo da ƙarfi farat ɗaya ta fi saurin tafiya. Nau'in da ake kira da sunan likitan Suwidin Sven Löfgren yana zuwa da zazzaɓi, kumburin idon sawu da jajayen ƙulle-ƙulle masu ciwo a ƙwauri, kuma mafi yawan masu shi suna warkewa cikin shekaru 2. Wadda ta shigo a hankali, da busasshen tari da haki na watanni, ita ce ta fi zama. Sauran alamun daɗewa sun haɗa da kamuwa bayan shekara 40, kaurin fata a hanci da kumatu, da shiga ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Zuciya, ido da ƙoda

A Amurka da Turai, gazawar numfashi saboda tabon huhu ce kan gaba wajen kashe masu cutar. A Japan kuwa zuciya ce. Ƙulle-ƙullen na iya rikita bugun zuciya har mutum ya faɗi matacce ba tare da doguwar jinya ba, shi ya sa suma ko faɗuwar gaba ga mai cutar ke buƙatar gwajin zuciya nan take. Wasu ana sa musu na'urar daidaita bugu.

Kumburin cikin ido na iya ɓoyewa ba ciwo, har ya kai ga yanar ido, hawan jinin ido ko makanta. A wasu kuma ƙulle-ƙullen suna ƙara ƙarfin bitamin D a jiki, kalsiyam ya hau a jini da fitsari, a samu tsakuwar ƙoda. Irin waɗannan ana gargaɗinsu game da daɗewa a rana da shan ƙarin bitamin D ba da umarnin likita ba.

Magani da illarsa

Maganin farko shi ne firednisolon, wanda ake sha na watanni ana rage shi sannu a hankali. Yana kwantar da kumburi, amma daɗewa a kansa na jawo ƙiba, ciwon suga, hawan jini da raunin ƙashi. Don haka idan jinya ta yi tsawo akan koma ga metotireksat ko azatiyofirin. Metotireksat ba ya dacewa da mai ciki. Cutar kan dawo bayan an daina magani, saboda haka ake ci gaba da duba majiyyaci na aƙalla shekaru 3. Kasala mai nauyi na iya zama ko bayan hoton ƙirji ya yi tas, kuma dangi sukan ɗauke ta a matsayin lalaci.

A Kaduna

Babban abin da ke sauya makomar mai cutar a Najeriya shi ne kamanninta da tarin fuka. Najeriya ce ke da mafi yawan masu tarin fuka a Afirka, kuma tari, rama, zufar dare da hoton ƙirji na cututtukan biyu sun yi kama, har ƙulle-ƙullensu ma a ƙarƙashin madubin likita. Don haka mai sarkoyidosis zai iya shan maganin tarin fuka na watanni 6 ba sauƙi, huhunsa na ƙara tabo. Akasin haka ya fi haɗari: firednisolon, wanda ake samu a kemis cikin sauƙi, yana danne garkuwar jiki ya ba tarin fuka damar bazuwa. Nau'in fata kuma akan yi masa kallon kuturta.

Gwajin kaki na GeneXpert yana taimakawa wajen gano tarin fuka, amma tabbatar da sarkoyidosis yana buƙatar a ciro ɗan nama daga fata, kaluluwa ko huhu a bincika. Irin wannan aiki na manyan asibitoci ne. A arewacin Kogin Kaduna akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko na Jami'ar Jihar Kaduna, da Asibitin Sojoji na 44, da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke wajen Mando. A Zariya kuma akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da cibiyar horaswa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye.

Launin fata ma na da tasiri. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1997 ya ƙiyasta cewa kashi 2.4 cikin 100 na baƙaƙen fatar ƙasar za su kamu da cutar a rayuwarsu, idan aka kwatanta da 0.85 na farare. A cikinsu ta fi kama gaɓoɓi da yawa lokaci guda, ta fi daɗewa, kuma ta fi dawowa bayan an daina magani.