Mazaunin Babbar Safaya a Motocin Shiga Daji: Nazari a kan Hanyoyin Kaele, Arewacin Kamaru

Tsakure

Maƙalar ta duba matsalar da ke biyo bayan sauya wa motar shiga daji tayoyi da waɗanda suka fi na kamfani girma, wato inda za a ɗaura taya ta biyar. An yi lissafin girman taya, rabon nauyi a kan aksul da gajiyar ƙarfe, sannan aka ɗora sakamakon a kan yanayin hanyoyin gundumar Mayo-Kani, rani da damina. Lissafin ya nuna cewa ƙarin kashi ɗaya cikin uku a nauyin safaya, haɗe da ƙarin nisanta daga ƙofa, na iya ninka wahalar da ƙofar baya ke sha, ya rage kwanan waldarta zuwa wajen kashi ɗaya cikin takwas. Maƙalar na ganin doguwar taya siririya ta fi faffaɗa dacewa da wannan yanki, kuma in har an ƙara wa safaya girma, shasi ne ya kamata ya ɗauke ta.

1. Gabatarwa

Kaele ita ce hedikwatar gundumar Mayo-Kani a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, dab da iyakar Cadi. Kwaltar N12 ce ta ratsa ta, wadda ta ɓalle daga babbar hanyar Garwa zuwa Marwa a mahaɗar Magada, ta bi ta Gidigis ta nufi Yagwa. Ƙasar auduga ce, kuma kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa, yana da injin gurzar auduga a garin. Da an sauka daga kwalta sai hanyoyin ƙasa masu shiga ƙauyuka ta wajen Mindif, Mulfudai da Dumru. A kansu motocin malaman gona, na asibiti, na ƙungiyoyin agaji da na 'yan kasuwa ke wuni, akasarinsu Hilux da Land Cruiser.

Masu irin waɗannan motoci sukan cire tayoyin kamfani su sa manya domin cikin motar ya ƙara nisa da ƙasa. Tayoyi huɗu ake ciniki a kasuwa. Ta biyar sai an dawo gareji ake tunawa da ita, a tarar sabuwar ba ta shiga mazauninta, ko kuma a bar tsohuwar ƙarama a wurin a ce ai ta wucin gadi ce. A garin da mai faci ke kowace kwana ana iya yin haka a kwana lafiya. A dajin da ƙayar dushe, aduwa da bagaruwa ke zube a kan hanya, kuma mai faci mafi kusa na iya zama tafiyar sa'o'i, safaya taya ce ta aiki kamar sauran.

2. Hanyar nazari

Tsayin taya an fitar da shi daga lambar da ke jikinta. A lamba irin 265/75R16, 265 faɗi ne da milimita, 75 tsayin gefe ne a matsayin kaso na faɗin, 16 kuma girman wili ne da inci. Tsayin tayar gaba ɗaya shi ne girman wili haɗe da tsayin gefe sau biyu. Nauyin taya da tazarar da aka yi aiki da su a sassa na 4, 5 da 6 ƙaddarawa ce don gwaji, an kuma ambace su a fili domin mai karatu ya sa na motarsa ya sake lissafin.

3. Dalilin da ya sa safaya za ta yi daidai da sauran

Tayar 205R16 da ta zo da Hilux da yawa tana da tsayin milimita 734. In aka koma 265/75R16 tsayin ya zama 804, bambancin milimita 70, wato kashi 9.5 cikin 100. Rabin wannan ne kawai ribar mai mota, domin milimita 35 cikin motar ke ɗagawa. A kilomita ɗaya ƙaramar na juyawa sau 433, babbar sau 396. In aka haɗa su a aksul ɗaya, ƙananan haƙoran da ke raba juyi tsakanin dama da hagu, waɗanda aka yi su don aikin ɗan lokaci a kwana, za su yi ta cike giɓin juyi 37 a kowace kilomita ko da a miƙaƙƙiyar hanya. A tafiyar kilomita 100 giɓin ya kai 3,700.

Abin ya fi muni in an sa giyar ƙafa huɗu. Hilux da Land Cruiser jerin 70 ba su da mai raba juyi tsakanin aksul na gaba da na baya, saboda haka firofelolin biyu a kulle suke juyawa tare. A laka ko yashi taya kan zame ta saki matsin. A busasshiyar ƙasa mai tauri kuwa matsin taruwa yake yi a firofela da giya har sai wani abu ya saki.

Akwai kuma batun ramukan noti, wanda yakan ba direbobi kunya in ana tafiyar ayari. Tun 1999 Land Cruiser 78 da 79 suka koma noti biyar, Hilux mai ƙafa huɗu kuwa shida take da su. Safayar wannan ba ta hawa waccan, komai daidaiton roba.

4. Rani: gargada da ƙofar baya

Da ƙasa ta bushe, daga Nuwamba zuwa Mayu, manyan motocin kwasar auduga da na hatsi sukan bar hanyar burji da gargada mai layi-layi. Keith Mather ya nuna tun 1963, a gwajin da ya yi a Ostareliya, cewa taya mai gudu a kan sako-sakon ƙasa ita da kanta ke haifar da wannan gargada. In aka ƙaddara tazarar santimita 70 tsakanin tudu da tudu, motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana shan bugu wajen 24 a daƙiƙa guda, kimanin 143,000 a kilomita 100.

Land Cruiser 78 da wasu Prado a ƙofar baya suke goya safaya. Abin da ke wahalar da ƙofar ya haɗa nauyi da nisan tsakiyar nauyin daga jikin ƙofa, kamar yadda bokitin ruwa ke ƙara wa mutum nauyi in ya miƙe hannu da shi. A ƙaddara safayar kamfani da wilinta kilo 30 ce, tsakiyarta na santimita 15 daga ƙofa. Ƙarfin lanƙwasa ya zama kilogiram-mita 4.5. Faffaɗar taya irin 285/75R16 takan taɓa bamba ko gilashi, don haka mai walda ke ƙara mata ƙarfe ya turo ta waje. In ta kai kilo 40 a nisan santimita 22, lissafin ya koma 8.8. Nauyi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, wahala ta kusa ninkawa.

Tun binciken August Wöhler a kan aksul na jiragen ƙasa a Jamus a ƙarni na 19 aka san cewa bugu ƙarami mai maimaituwa yana tsaga ƙarfen da bugu ɗaya babba bai karya ba. Ƙa'idojin zanen ginin ƙarfe na yau, irin su Eurocode 3, suna lissafa cewa in wahalar da ke kan walda ta ninka biyu, yawan bugun da za ta jure yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Ƙofar da za ta yi shekara takwas a wannan hanya za ta iya fara tsagewa a shekara guda. Alamun sanannu ne ga duk makaniken Marwa ko Garwa: ƙofa ta sunkuya sai an ɗaga ta kafin ta rufu, makulli na ƙara, jan ƙura na shiga ta gefen roba, sannan siririyar tsaga ta bayyana a gindin hinji. Abin da aka saba yi shi ne a liƙa faranti mai kauri a kan tsagar. An gudu ba a tsira ba, domin tsagar komawa take yi bakin farantin, inda ƙarfe mai kauri ya haɗu da falle.

5. Damina: ƙarƙashin mota da rufi

Daga Yuni zuwa Satumba matsalar takan sauya kama. Baƙar ƙasar da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan ruwa ya janye, takan zama taɓo mai danƙo, rafukan da suka bushe da rani kuma su kawo ruwa cikin sa'o'i kaɗan. Hilux a ƙarƙashin bodi take rataye safaya da sarƙa. Ta fuskar nauyi babu wurin da ya fi wannan, tunda yana ƙasa kuma a jikin shasi. Sai dai an auna shi ne da tayar kamfani. Babbar takan matse tsakanin ƙarafan shasi ko ta jingina da salansa, zafi ya cinye gefenta, in ta fi faɗi kuma ta leƙo ƙasa ta riƙa kartar gaɓar rafi wajen hawa. Wasu sukan sace mata iska don ta shiga, su wayi gari da safayar da ita ma famfo take nema. Ranar da tayar baya ta yi faci cikin taɓo kuwa, motar ta zauna a kan safayar, sai an yi haƙa kafin a ciro ta, in ma laka da tsatsa ba su riƙe sarƙar ba.

Wannan ne ke kai mutane ga kariyar rufi. Taya ɗaya a sama ba ta cika yin ɓarna ba: a motar da ta kai kilo 2,500 da kaya, ɗauke kilo 40 daga tsayin rabin mita zuwa mita 2.1 yana ɗaga tsakiyar nauyi da ƙasa da santimita 3. Amma ba a taɓa barin kariya da taya ɗaya ba. In safaya biyu, jarkokin gas da ita kanta kariyar suka kai kilo 200, tsakiyar nauyin da aka ƙaddara a santimita 85 takan haura zuwa 94. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta fara auna saurin kifewar mota a 2001 da raba tazarar tayar dama da hagu da ninkin tsayin tsakiyar nauyi. In tazarar mita 1.5 ce, ma'aunin ya sauko daga 0.88 zuwa 0.80. A gangaren rafi mai santsi, inda mota ke sauka a karkace, wannan ragi ba ƙarami ba ne. Ga kuma sauko da kilo 40 daga sama da mita biyu ga direban da ke shi kaɗai. Rana ma tana da nata rabo, domin a Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a nan, kuma safayar rufi ce ke shan sa ba inuwa. Da yake da yawa daga cikin safayu na gwanjo ne, ya kamata a duba lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT, waɗanda tun shekarar 2000 ke nuna mako da shekarar da aka ƙera taya.

6. Ɗora nauyin a kan shasi

Ga akori-kura, tsayar da safaya a cikin bodi, jingine da bayan gidan direba, ya fi komai. Nauyin yana tsakanin aksul biyu, laka ba ta kai masa, hannu kuma yana kai masa. Abin da aka rasa ɗan wurin buhu ne, kuma a ganina wannan asara ta fi karyewar ƙofa sauƙi.

Ga rufaffiyar mota, sai hannun ƙarfe mai buɗewa gefe, wanda ke zaune a kan bamba, ita kuma bambar a ɗaure da shasi. Shi ma yana da illarsa. Tsakanin aksul biyu na Land Cruiser 78 mita 2.98 ne. In taya da ƙarfenta suka kai kilo 70 a nisan mita 1.2 bayan aksul na baya, aksul ɗin zai ji kilo 98, na gaba kuma ya rasa 28, a motar da dama bayanta ke shan lodi. Don haka kauri barkatai ba ƙwarewa ba ce. Hannun ya juya a kan sanda mai boris biyu irin na ƙafar mota, da murfin hana ƙura. Makullinsa ya matse shi a kan roba, domin ɗan wasan milimita biyu a gargada guduma ce. A ɗaure bambar da kusoshi masu lamba 8.8 a ramukan da kamfani ya bari, kada a yi walda a leɓen shasi. Kada kuma a haɗa hannun da bodi da shasi lokaci guda, tunda bodi a kan roba yake zaune, motsinsa daban. Lambar mota da fitilun baya in taya ta rufe su sai a mayar da su inda ake gani, in ba haka ba za a sha tsayawa a shingen jandarmomi.

Duk wannan aiki yakan zama ba dole ba in aka zaɓi taya da kyau tun farko. Tayar 7.50R16 da aka san Land Cruiser da ita tana da tsayin kusan milimita 805, 235/85R16 kuma 806. Faffaɗar 285/75R16 tana da 834, wato abin da take ƙara wa cikin mota bai wuce milimita 15 ba, alhali ita ce ke jawo ƙarin ƙarfe, ƙarin nauyi da tsagewar ƙofa. Faɗi yana da amfani a zurfin yashi. A taɓon karal kuwa faffaɗar taya laka take tarawa har ta cika mazauninta, siririya kuma takan yanka ta bi sawun motocin da suka riga ta. Mai Hilux da ke son tsayi zai sami milimita 36 daga 235/85R16, kusan daidai da abin da 265/75R16 ke bayarwa, da ragin santimita 3 a faɗi. Sai dai kafin ya biya, ya ɗaga guda ɗaya cike da iska zuwa mazaunin safaya, ya duba tazararta da salansa.